Manomin Kabewa da Akwatin Gane Ƙwari

A wani gari can, an yi wani manomin kabewa mai ji da kansa. Ya sayi ɗan akwati mai araha wanda ke gane ƙwaro daga ƙarar fiffikensa.

Akwati ya ce, "Fara." Manomi ya fesa magani.

Akwati ya ce, "Ƙudan zuma." Manomi ya ce, "Ƙwaro dai ƙwaro ne," ya fesa magani.

Haka dai har akwati ya yi tsit. Furanni suka zube, kabewa ko ɗaya babu.

Ya kai akwatin gonar tsohuwa maƙwabciyarsa don ya gwada. Ga kabewa nan birjik. Akwati ya kama, "Ƙudan zuma! Ƙudan zuma!"

Manomi ya girgiza kai. "Allah sarki, Iya, ƙwari sun gama da ke. Bari in ɗauko maganina."