Wanda Ya Goge Allon Wietske

Ranar da Wietske ta fara ganin Tjeerd, goge mata allo yake yi a ofishin ɗaliban kimiyya a Utrecht, ƙasar Holland.

"Malam, lafiyarka kuwa?"

"Taimakonki nake. Wai sararin samaniya yakan tsuke har ya gaza ƙwayar yashi, ya yi tsalle ya sake buɗewa, haka har abada? Ƙwallo kika mai da shi?"

"Kai kuma sai ka ce mai gadin kabarinsa!"

Ya yi dariya, nan take ya shiga ranta. Kafin hunturu ya fita keke ɗaya suke hawa, suna musu a cikin ruwan sama.

Sai ya tafka ta'asa. A taron masana ya miƙe ya nuna kuskure a lissafinta, a tunaninsa babu kyautar da ta fi wannan. Digirinta na dakta kuwa a kan tsallen nan ya rataya.

Babanta, makiyayin shanu a Friesland, ya ce, "Ya tsinka ki cikin mutane tun yana nema? Bakinsa ba linzami. Kar na ƙara ganin kekensa a ƙofata."

Ta sha kuka, sannan ta koma kan allo. Da ta gyara kuskuren, sai ga tsallen ya fito fes, ya ma fi na da ƙarfi.

Saƙon Tjeerd ya shigo: "Tauraruwata, na yi wauta. Ko zagina ne ki turo, zan karanta."

Ta amsa: "Sarkin surutu, ranar da zan kare digirina gaban farfesoshi kai za ka tsaya a bayana. Ka san ƙa'ida, mai rakiya ba ya tofa komai."

Haka ya tsaya cikin baƙar kwat. Wani farfesa ya jefo tambayar da Tjeerd ya yi ranar taron nan sak. Tjeerd ya ciji leɓe, zufa na karyo masa, Wietske ta warware ta tsaf, muryarta ko rawa babu. Aka daki ƙasa da sanda, alamar rufe zama, ta zama dakta!

A wajen liyafa babanta ya ƙare masa kallo.

"Ashe ka iya shiru. Tatsar nono fa?"

"Zan koya, Baba."

Da bazara aka ɗaura aure a gonar. Tsohon ya haɗa hannayensu, idonsa taf da hawaye.

"Ku yi ta musunku har tsufa, amma a cikin gida. Allah ya yi muku albarka."