Alamun Ambaliya na Gida Mai Lamba Tara

Ranar Litinin da hantsi tsoho Egon Wirtz ya shigo ofishin 'yan sanda na Kerbach, ko hula bai cire ba.

"An yi sata a Layin Kogi, yallaɓai. Alamun ambaliya uku na gida mai lamba tara."

Sufeto Dahlke bai tashi ba. Kowane gida a layin yana da 'yan farantan ƙarfe a bango, kowanne da shekararsa, an kafa shi daidai inda ruwa ya tsaya.

"Baba, ƙarfen da ko burodi ba zai saya ba?"

"Sayar da gidan ake yi, ɗan nan. Jibi za a sa hannu. Wata nas ce daga arewa, duk abin da ta tara za ta zuba a ciki, kuma a hoto kawai ta san kogin nan."

Sai ga Sufeto ya ɗauki rigarsa.

A bangon gidan, an toshe ramukan ƙusa an shafa fenti. Ya matsa kusa. A gefen kowane rami akwai ɗan siririn layi na fensir, na saman ya wuce kansa. Ɓarawon da ke auna wuri, yana da niyyar mayar da kaya ke nan.

Mai gidan, Kuno Faber, ya buɗe ƙofa yana dogara sanda. Sufeto ya tambaye shi inda ruwa ke kaiwa.

"Ruwa? Bai taɓa wuce dokin ƙofa ba."

"Shi ya sa ka kai mitar wuta bene?"

"Ra'ayin marigayiya matata ne."

"Matattu suna ɗaukar laifi da yawa a garin nan. Wa ke da makullin rumfar da tsani yake ciki?"

Faber ya dubi sandarsa. "Dillaliya. Madam Brandtner."

Daga mota Sufeto ya kira kamfanin inshora. Magatakarda ta duba taswira ta ce gidan yana yanki na huɗu, inda ruwa ya fi ɓarna, kuma ba za su karɓe shi ba ko nawa za a biya.

"Ai mun faɗa wa dillaliyar makonni uku da suka wuce," in ji ta.

Ya tarar da Ursel Brandtner a ofishinta tana zuba wa wata mata gahawa. Takardu na kan tebur.

"Sufeto! Ka gaji da haya ne? Ga Madam Lorenzen, mai sayen gida mai lamba tara, sabuwar maƙwabciyarmu."

"Madam Lorenzen, me aka ce miki game da inshora?"

"Cewa aka yi in bari sai an sa hannu, wai abin minti biyar ne."

"Ursel, yaushe rabonki da Layin Kogi?"

"Tun watan jiya."

"Tun watan jiya makullin yana hannunki, gaskiya ne. Da baƙo ne, da ya yar da farantan a kogi. Faber kuwa ko kujera ba ya iya hawa. Wanda ya ja layi da fensir ɗan gari ne, ba ya son a ɓata ma'auni ko da faɗin yatsa. Buɗe min bayan motarki."

Ta ɗauki makullin motar.

Farantan suna nan, an naɗe su a tawul mai tsabta, har da ƙusoshinsu a ambulan.

"Kakana ne ya ƙera na farko," ta ce. "Da an sa hannu zan mayar. Shekara biyu ba wanda ya taya gidan nan, Dahlke. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga bangon sai ya koma mota."

"Kin girmama ƙarfe, kin cuci mutum. Zamba sunansa a takarda. Ɗauko jakarki."

Madam Lorenzen ta biyo su waje. Ta ɗauki farantin da ya fi sabunta, ta juya shi a hannu.

"Wannan ina ruwan ya kai?"

Sufeto ya ɗaga hannu ya tsayar da shi taƙi guda sama da kanta.

Ta dubi hannun. "A ɗakin ƙasa na yi niyyar sa gadon mahaifiyata," ta ce a hankali. "Ba ta iya hawa bene."

 Ursel Brandtner ta buɗe ƙofar motar 'yan sanda da kanta ta shiga.