Garwashi a Cikin Kasko

Can da, tun ba a san ashana ba, an yi wata bazara mai tsananin zafi. Ciyawa ta bushe ƙayau, iska kuma ba ta kwanciya. Ku bar motsi, ba na maimaita magana.

Ran nan wuta ta mutu a gidan wata tsohuwa, sai ta aiki jikarta ƙauyen gaba ta ɗebo. Matar da ta ba ta wutar ta zuba garwashi a kasko, ta kifa wani kaskon a kai, ta ce, "Kada ki buɗe sai a murhu. Tartsatsi ɗaya ya ishi dajin nan, har da garinku."

Yarinya tana tsakiyar daji da rana tsaka, sai tsuntsaye suka yi tsit. Guguwa ta taso, ta tsaya gabanta tana juyi.

"Yarinya, buɗe in gani."

Yarinya ta wuce.

Guguwa ta sha gabanta. "Wutarki ta kusa mutuwa. Buɗe in hura miki."

Yarinya ta wuce, kasko yana ƙona mata hannu.

Sai ta ji muryar kakarta sak a bayanta. "'Yar lelena, hannunki zai ƙone. Buɗe ya sha iska."

Ta tsaya, amma ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Kakata ba ta taɓa lallashina ba." Ta ƙara danne murfin.

Ta isa gida tafukanta duk bororo. Tsohuwa tana shafa mata man kaɗanya, sai suka hango baƙin hayaƙi ya turnuke bayan dutse.

Tsohuwa ta ce, "Guguwa ta sami wanda ya buɗe mata. Tashi ki hura mana wuta."