Fili Ɗaya, Gida Biyu

"Ba zan sa hannu ba, Baturiya."

Dogo bai ko ɗago daga wankin motarsa ba. Tun da na dawo daga karatu a ƙasar waje yake kira na da wannan suna. Kumfa na gangarowa ƙarƙashin takalmina, a tsakar gidan da rabinsa nawa ne, rabi nasa, amma ba mai iya nuna inda rabin ya tsaya.

"Ɗaki ɗaya ne fa zan gina, a ƙasa," na ce. "Abba ba ya iya hawa bene, ka sani."

"Na sani."

Ana gab da ɗaura mana aure muka sayi gidajen nan biyu. Na gaba da sunansa, don mu zauna. Na baya da sunana, don Abba, mahaifina. Lauya ya yi mana bayani dalla-dalla: filin namu ne a haɗe, ba a yanka shi ba, kowane gida kuma haya ce ta dogon lokaci da muka ba juna. Ba mai ɗora bulo ɗaya sai da yardar ɗayan. Dariya na yi. Yardar wa? Ta mijina?

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Abba. Sai Dogo ya samu aiki a nesa, wanda ya daɗe yana nema. Ya ce in bi shi, na ce ba zan bar mahaifina a keken guragu ba. Aka fasa auren. Ƙofar shiga dai ɗaya ce, kullum sai mun yi gaisuwar maƙwabta.

"Na samu mai sayen gidana," ya ce. "Da ƙyar! Duk wanda ya ji filin haɗaka ne sai ya ce zai kira, shiru. Wannan ya yarda, amma sai in tsakar gida ya zauna yadda yake a zane. Kina haƙa tushe zai gudu. Duk abin da na mallaka yana cikin gidan nan, su kuma a wurin aikin sun gaji da jirana."

"To in ci gaba da goya shi a matakala?"

Ya ajiye soso. "Ke ke goya shi?"

"A'a, aljanu ne."

Daga tagar sama muryar Abba ta sauko, a karkace kamar bakinsa. "Dogo! Don ka fasa 'yata, ni ma ka fasa ni? Zo ka sauko da ni in sha rana, wannan baturiyar ƙashina take karyawa."

Dogo ya hau. Na tsaya a ƙasa ina jin takunsa, a hankali, da tsayawar da ya yi a kwanar da kullum nake buge kafaɗa. Ya zaunar da Abba a keke, ya gyara masa ƙafar da ba ta motsi. Ya daɗe a durƙushe.

"Kawo takardar ginin," Dogo ya ce.

Na ɗora ta a kan mota. Hannunsa a jiƙe, biron ya ƙi, sai da ya goge a riga.

"Ka san abin da kake yi?" na ce. "Ban roƙe ka ka zauna don ni ba."

"Ba ki iya roƙo ba, rabin raina..."

Na kawar da kai. Rabon da in ji kalmar nan tun Abba yana tafiya da ƙafarsa.

"Wata rana za ka kalli ɗakin nan ka tsane ni."

"Ƙila."

"Ƙila?!"

"Ƙarya kike so? Aikin nan ina son sa. Har yanzu." Ya sa hannu, ya miƙo min takardar. "Amma ko na tafi, a kan matakalar nan zan bar hankalina."

Ya ciro waya ya nemo lambar mai sayen, don ya ce masa an fasa. Ban hana shi ba. Ban yi godiya ba.

Wayar ta fara ƙara. Idonsa ya yi ja. Na matsa na kama bakin rigarsa da yatsa biyu, hawaye na zuba a kan sa hannun da bai gama bushewa ba, na riƙe har aka ɗauka.