Kayan Ɗangiwa da Sarautar Madugu

A zamanin da Magaji Nasiruddeen ke riƙe da Tungar Ɗanmaliki, wani ƙauye na ƙasar Tambuwal kusa da Jabo, a kakar shekarar da gero ya yi har rumbuna suka kasa, aka yi takarar sarautar Madugu wadda har yau ana ba da labarinta.

Mutanen Tungar suna da al'ada tun kaka da kakanni. Idan an gama kai amfanin gona gida, magidanta kan yi ayari su tafi dajin Kebbe yankan gamba, ciyawar da ake saƙa zana da ita. A bakin gulbi suke kafa zango, su kwana su tashi har su tara abin da zai katange gidajensu. Madugu ne ke zaɓen masauki, shi ke raba fagen yanka, kuma abin da ya faɗa a daji ko Magaji ba ya tayarwa.

Madugun lokacin, Malami, tsufa ya cim masa, ido ya yi rauni, tuƙi ya gagara. Ya shaida wa fada bana zai sauka. Tsohon Madugu kuwa ba ya furta sunan wanda zai gaje shi. A zamanin jakuna, wanda ya miƙa wa igiyar jakinsa ranar tashi, shi ne. Da babura suka zo, sai abin ya koma wanda tsohon ya hau bayan babur ɗinsa.

Mutum biyu suka fito nema: Ɗangiwa ɗan ƙanen Malami, da Gazali ɗan ƙanwarsa, wato taubasai ne, masu wasa da juna tun suna yara. Ɗangiwa ƙato ne mai farin ciki, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Sarautar nan yana sonta har cikin ransa, domin kakansa ya riƙe ta, kuma tun yana saurayi yake ganin kansa a gaban ayari. Gazali siriri ne, mai yawan murmushi da ƙarancin magana, irin mutanen da ya kamata a riƙa duba ƙafarsu.

Ɗangiwa ya yi shawara da zuciyarsa, ya ga babu abin da zai burge tsoho kamar ayarin da bai manta komai ba. Sai ya mai da zaurensa rumbun makamai. Ya wasa lauje, ya sake wa gatari ƙota, ya ɗinke hujin gidan sauro, ya shanya tamfol ya duba inda yake yoyo. Ashana ya zuba a kwalba ya toshe saboda raɓa. Matarsa Zulaihat ta daka garin gero, ta ƙulla kuka da daddawa da gishiri, ta soya ƙuli-ƙuli, ta fito da babbar tukunyar biki da muciyarta. Bai manta famfo da faci ba, don ya san hanyar Kebbe da ƙaya.

A nan Gazali ya kawo nasa harin, kuma bai zare ko wuƙa ba. Ya bi mutanen ayari ɗaya bayan ɗaya yana cewa, ai duk ƙasar nan babu mai ɗaurin kaya kamar Ɗangiwa, wanda ya ɗaura tabarmarsa da kansa ya yi wa kansa. Kafin a ce haka, an yi wa zauren Ɗangiwa ƙawanya. Wannan ya kawo tabarma, wancan buta, wani jarka, wani buhun guzurinsa gaba ɗaya, kowa na kiransa Madugun gobe. Shi kuwa yana karɓa yana dariya, kansa ya kumbura.

Zulaihat ta leƙo daga tsakar gida ta ga tulin, ta ce, "Maigida, wanga kaya dut babur guda za shi ɗauka?"

Ya ce, "Ke dai ki sa ido. Mutane sun yarda da ni, ta yaya nika mai da su?"

Ta ce, "Ni dai ban ga tabarmar Gazali ciki ba."

Ya ce, "Kishi na. Ƙyale shi."

Gaskiya a faɗe ta, ɗaurin da ya yi ba a taɓa ganin irinsa ba. Masu nauyi a ƙasa, tukunya a kife a tsakiya, tabarmi a gicciye, jarkoki hagu da dama don kada babur ya karkata, sannan ya ja igiyar roba ya tamke har ba inda allura za ta shiga.

Ranar tashi da hantsi aka taru a ƙofar fada. Magaji ya fito, Liman ya yi wa kaya addu'a aka shafa. Malami ya taso da sandarsa, ya kewaya babur ɗin Ɗangiwa yana taɓa igiya, yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Madalla, ɗana. Tun da nika tafiya daji ban ga ɗauri awa wanga ba. Gishiri na ciki?"

"Shina ciki, Baba."

"Ashana fa?"

"Cikin kwalba, Baba."

"To, ni ina zan zamna?"

Ɗangiwa ya waiga. Kaya sun cinye mazauni tun daga baya har kan tanki, shi kansa da ƙyar ya bar wa kansa tafin hannu. Ya kai hannu zai kwance, Magaji ya ce a hankali, "Kayan da anka yi ma addu'a ba a kwance su sai zango, ka sani."

Gazali ya turo nasa babur, babu komai a kai sai lauje da 'yar tabarma. Ya kakkaɓe mazaunin da hularsa ya ce, "Bismilla, Kawu." Malami ya hau. Aka yi guɗa daga cikin gidaje, Ɗangiwa ya ji kamar ya nutse, don abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ayari ya yi gaba ya bar shi yana rarrafe, yashi ya riƙe shi nan, kwazazzabo ya tare shi can. Su kuwa sun isa bakin gulbi tun azahar, suka tarar ba tabarmar zama sai 'yar ta Gazali, ba tukunya, ba ko butar alwala. Sabon Madugu ya zaɓi masauki, ya raba fage, amma ba wanda ya ɗaga lauje, kowa hanya yake kallo. Yunwa ta ci su har la'asar.

Da aka ji ƙugin babur ɗin Ɗangiwa, duk zangon ya miƙe tsaye, har Malami. Gazali ne ya fara tarbarsa da gudu, ya riƙe masa kan babur.

Ɗangiwa ya ce, "Ranka shi daɗe, Madugu da kansa? Mi ya yi zafi?"

Gazali ya ce, "Taubashi, don Allah kwance ƙuli-ƙuli tukuna, mu yi faɗan daga baya."

Dariya ta ƙwace wa Ɗangiwa duk da abin da ke ransa. Malami ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya naɗa shi Ubandawakin ayari, mai kula da kaya da abinci, ya ce daga yau ba mai ɗora tukunya sai da izninsa.

Haka masu tarihin Tungar suka riƙe: Gazali ne Madugu, ya daɗe a kai, Ɗangiwa bai taɓa samun sarautar ba har tsufansa. Mulki rabo ne, Allah kan ba wanda ya so, wani lokaci ta hanyar da ba ta da kyan gani. Amma waɗanda suka yi tafiyar sun ce a duk shekarun nan, Madugu ne ke gaba a hanya, in an sauka kuwa shi ma kwanonsa yake ɗauka ya bi layi.