Auren Da Babu Shi A Littafin

Ruwan sama ne ya kora Namadi cikin laburaren Bagudo, ya jingine babur ɗinsa na kabu-kabu a baranda. Ciki ya tarar da manya zaune a da'ira suna muhawara kan wani littafi, wata budurwa mai suna Safina tana jagoranta. Ta ɗago ido ta ce, "Bismilla, ga kujera."

Shi ke nan fa, bawan Allah ya kamu!

Sai dai Namadi a bayan shanu ya tashi, can bakin iyakar Benin, ko bihim bai iya karantawa ba. Kunya ta hana shi faɗa. Kullum ya ari littafi sai ya kai wa abokinsa Ango ya karanta ya ba shi labari, ranar Asabar ya zo yana zuba kamar malami.

Ango kuwa malalaci ne. Wani littafin ya karanta rabi, ya ƙarasa sauran da ka.

"Ni bikin auren nan na ƙarshe ya fi burge ni," in ji Namadi a taro.

Malam Sadisu, wanda shi ma yake neman Safina, ya kwashe da dariya. "Wane aure? Saurayin fa kogi ya ci shi!"

Namadi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

Kwana biyu sai ga wasiƙa daga Safina. Dole dai Angon ya karanta masa, a tasha, da ƙarfi, 'yan kabu-kabu na shewa:

"Ɗan Fillo na, na daɗe da sani, don ba ka taɓa buɗe shafi a gabana ba. Ƙarshenka ya fi min na littafin. Hularka tana wurina."

Amma labari ya kai kunnen mahaifinta, Alhaji Na'Allah. "Ba rashin boko na ƙi ba," in ji shi, "ni ma ban yi ba. Maƙaryaci ne ba zan ba ɗiyata ba. Inda ya yi ƙarya, can zai koma ya gyara."

Namadi ya shiga ajin manya, yana haɗa baƙi har damina ta wuce. Wata Asabar ya miƙe a da'irar, gumi na karyo masa.

"Jama'a, ku yafe min. Duk abin da na faɗa a nan, ji na yi."

Ya buɗe littafin nan ya karanta shafin farko, yana tuntuɓe yana tashi. Ba wanda ya yi dariya, har Sadisu. Safina na share hawaye da mayafi.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya dafa kansa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba da zuri'a ɗayyiba."

Da aka kai amarya ta miƙa masa hularsa tana murmushi. "Angona, ga auren nan da ka ce yana ƙarshe."

Namadi ya rufe fuska da hular.