Turken Akuya

Da safe likita ta kira ofishin 'yan sanda.

"Sufeto, an kawo mini mutum tara daga layi ɗaya, sai amai da dalala, har da jaririya. Famfo ɗaya suke sha. Sakamakon gwajin ruwan sai jibi, yarinyar kuwa ba za ta kai jibi ba. Nemo mini abin da ya shiga ruwan, in san maganin da zan ba ta."

Sufeto ba mai yawan magana ba ne. Ya je ya sa aka rufe famfon, ya tsuguna. Kyankyasai da tururuwa duk sun mutu a bakin kwata.

Mata suka ce aikin marinin nan ne da ke bayan tankin da ke ba famfon ruwa.

Marinin ya miƙo hannuwansa, shuɗi har gwiwar hannu. "Yallaɓai, da ni ne, ai da kowa a layin nan haƙoransa sun yi shuɗi. Ni ma ƙanena yana asibiti."

Sufeto ya wuce wurin tsoho mai gadin tanki.

"Baba, wa ya hau sama jiya?"

"Ko tsuntsu, ranka ya daɗe. Makulli yana wuyana."

Kusa da famfon akwai turke, ƙasa ta sha kofato, amma babu dabba. Can nesa, gindin katanga, akuya na shan ruwa a sabon bokiti.

"Ta wa ce?"

"Tawa."

"Me ya raba ta da turkenta?"

"Rana."

Wata mai wankau ta tuntsire da dariya. "Wace rana, Baba? Shekara nawa tana nan? Jiya da hantsi ka ja ta, har ruwa ka sayo mata, muka ce ko amarya ce."

"Jiya da hantsi ko mutum ɗaya bai kwanta ciwo ba tukuna," in ji Sufeto.

Tsohon ya zauna a ƙasa.

"Tsutsa na gani a tankin. Na ji tsoron a kore ni. Maganin feshin gona na zuba, murfi biyu. Na ce kafin yamma ya salance."

"Kawo kwalbar."

Sufeto ya karanta wa likita sunan maganin ta waya.

"Muna da makarinsa," ta ce, ta kashe.

Ana sa masa ankwa, tsohon ya waiwaya. "Wa zai ba akuyar ruwa?"

"Ita ka riga ka yi mata tanadi," in ji Sufeto. "Mu je."